Kwana huɗu ba intanet a gidan Yaya, da yadda muka sa na'urorin gidan suka koma jin juna

Ni sai rana ta biyu da yamma aka kira ni, lokacin an riga an gama ɓarnar da za a yi. Wayar faiba ce ta tsinke a can waje, masu haƙa rami suka datse ta, fitilar nan da aka rubuta LOS a jikin akwatin kamfanin intanet ta koma ja tana ƙifce-ƙifce, da Yaya ya buga musu suka ce eh sun sani, a yi haƙuri gyaran zai ɗan ɗauki lokaci. Kwana huɗu ya ɗauka. To amma abin da ya sa na zauna nake rubuta wannan shine, abin da tsinkewar wayar ta kashe da kanta a gidan bai taka kara ya karya ba, yawancin abin da ya tsaya mu muka tsayar da shi da hannunmu, har da ni a ciki, zan zo wajen.

Bari in fara faɗin abin da ke gidan don a gane inda aka dosa. Yaya aikin lissafi yake yi wa ƙananan 'yan kasuwa daga gida, duk takardun aikinsa suna cikin wani akwatin ajiya mai faifai biyu irin wanda ake ce wa NAS, a nan kuma hotunan iyali da katun ɗin yara suke. Akwai kwamfutar tebur a ɗakin aikinsa, da laftof da yake fita da ita, da firinta mai waifai, da kamara huɗu biyu na kebul biyu na waifai da na'urar da ke naɗar hotonsu, da talabijin a falo, da ƙwan fitila shida irin waɗanda ake kunnawa da waya, da ƙararrawar ƙofa mai kamara. Babban ɗansa, wanda shine injiniyan gidan ba tare da kowa ya naɗa shi ba, ya ɗora wata 'yar kwamfuta mai suna Raspberry Pi 4 da manhajar Pi-hole a kai don toshe talla. Masu kebul duk suna shiga wani suwic, wato akwatin da ke haɗa kebul da kebul, mai rami takwas, daga suwic ɗin kebul ɗaya ya tafi akwatin kamfani, wani kuma ya hau bene inda aka sa na'urar waifai ta biyu mai sunanta daban.

Abin da mutane da yawa ba sa rabawa, kuma ban ga laifinsu ba tunda akwati ɗaya aka miƙo musu, shine intanet daban, netwok ɗin cikin gida daban. In an toshe titin ƙofar gidanka ai ba ya hana ka aiki yaro daga falo ya ɗauko maka abu a ɗaki. Akwatin nan da kamfani ke kafawa wanda kowa ke kira rawuta, aiki wajen shida yake yi a lokaci guda, yana juya hasken da ke zuwa ta faiba ya zama saƙo, yana tsaron ƙofa tsakanin gida da waje, yana haɗa kebul da kebul, yana watsa waifai, yana raba wa kowace na'ura adireshi wato DHCP, sannan in ka ambaci suna shi ake tambaya lambar sunan wato DNS. Na farko da na biyu ne suka rataya da wayar waje, sai na ƙarshen nan rabinsa. Sauran ko babu kamfanin intanet a duniya za su yi aikinsu. Adireshin da ake rabawa a cikin gida ma, irin su 192.168 kaza kaza, da masu farawa da 10, da 172.16 zuwa 172.31, tun tsakiyar shekarun 1990 aka ware su don amfanin ciki, ba na kamfani ba ne, ba kuma sa mutuwa don waya ta tsinke a titi.

Ranar farko, yadda na harhaɗa labarin daga baya, abin da ya ƙi ba shi da yawa. Laftof ɗin Yaya ta ƙi buɗe foldar aiki, wayar Anti ta daina ganin firinta, manhajar finafinai ta talabijin ta tsaya a shafin shiga ta ƙi wucewa, fitila uku cikin shida suka daina jin magana. Amma kwamfutar tebur tana buɗe NAS lafiya lau, har takarda ta buga a firinta da safen, kamarori suna ta naɗa. Ba wanda ya tsaya ya ce to wai me ya sa wannan ke yi wancan ba ya yi, kawai aka yanke hukunci netwok ya mutu.

Da daddare injiniyan gida ya samo allura ya cusa a ɗan ramin nan na riset da ke bayan rawuta, ya riƙe har fitilu suka ɗauke gaba ɗaya suka dawo. Garin neman gira aka rasa ido. Wannan ramin ba kashewa da kunnawa yake yi ba, mai da akwatin yake yadda ya fito daga kwali, sunan waifai ya koma wanda aka buga a takardar da ke manne a ƙasansa, faswod ma haka, jerin adireshin gidan ya tashi daga 192.168.0 ya koma 192.168.1, duk wani saiti da aka tara cikin shekara biyu ya tafi. Intanet kuma bai dawo ba, ina zai dawo, wayar a datse take. Da Yaya ya ga haka, ga waifai ma sunansa ya ɓace daga wayoyi, sai yace tunda abin ba ya tsinana komai a zare shi kar ya yi ta cin wuta a banza. Ya zare filogi, ya kunna hospot a wayarsa, ya haɗa laftof ya duba imel, ya kwanta.

Nan ne wajen da ya fi rikita shi, shi ma ya sa da farko ya ƙi yarda da ni. Don bayan an zare rawutan, kwamfutar tebur ta ci gaba da buɗe NAS a daren, washegari da safe ma ya yi aiki a kanta, sai can da rana ta tsaya cak. Yace min kaga kenan ba rawuta ba ne, tunda ba shi ma ta yi aiki. Amsar ita ce adireshin da DHCP ke bayarwa aro ne, da wa'adi, a rawuta da yawa awa 24 ne. Na'ura in ta cinye rabin wa'adin sai ta koma wajen wanda ya ba ta ta ce a sabunta min, in shiru ta ci gaba da amfani da abinta, in ta kai kashi bakwai cikin takwas sai ta ɗaga murya ta tambayi duk wanda ke ji, in har wa'adin ya cika ba amsa to dole ta ajiye adireshin. Kwamfutar tebur da NAS a suwic ɗaya suke, maganarsu ba ta bi ta rawuta ko kaɗan, shi ya sa suka ci gaba da hira har aron ya ƙare.

Da na shiga ɗakin aikin abin da na fara gani filogin rawuta a ƙasa.

"Yaya wa ya zare wannan?"

"Ni na zare, me zai yi mana tunda ba intanet?"

Yaron daga bakin ƙofa yace, "Baffa ni fa riset kawai na yi masa."

Ban ce komai ba tukun, na zauna a kwamfutar na buɗe baƙin allon nan na rubuta ipconfig, umarnin da ke nuna adireshin kwamfuta. Adireshin da ya fito 169.254 ne ya fara, wajen da ake rubuta ƙofar fita kuma wayam ba komai. Duk wanda ya ga 169.254 a kwamfutarsa ya sani ba wani ne ya ba ta ba, ta yi ta kira ba a amsa ba sai ta laƙa wa kanta, alamar mai rabon adireshi baya nan kenan. NAS kuwa adireshinsa da hannu aka rubuta masa, bai motsa ba. Ga su nan kebul ɗinsu rami na biyu da na uku a suwic ɗaya, fitilunsu kore suna ƙiftawa, amma kowa yana ɗaukar ɗayan baƙo ne daga wata unguwa, sai an bi ta ƙofar fita a same shi, ƙofar kuma babu. A bene ma haka wayoyin yara suke, suna kama waifai na sama da ƙarfinsa cikakke amma suna ta juyi wai suna neman adireshi, don ita na'urar ta sama watsawa kawai ta iya, ba ta rabo.

Na mai da filogi, na jira minti biyu, kwamfutar ta karɓi 192.168.1 da wani abu. Na shiga shafin rawutan da faswod ɗin da ke ƙasansa. Yanzu tambayar ita ce da can wane jeri gidan yake kai, Yaya bai sani ba, yaron yace yana ji da sifili ne ko kuma da ɗaya, ba inda aka rubuta. Abin da ya cece mu shine foldar NAS da aka maƙala a kwamfutar tebur da lamba aka maƙala ta ba da suna ba, ga ta nan a rubuce 192.168.0.10, na je na'urar kamara na duba saitinta a sikirin ɗin da ke jone da ita na ga 192.168.0.20, ƙofar fitarta 192.168.0.1. Shikenan. Na canza adireshin rawuta ya koma 192.168.0.1, ya sake tashi, na yi ipconfig /release sannan /renew don kwamfutar ta ajiye tsohon adireshi ta karɓi sabo, na yi wa NAS ping, wato na aika masa ɗan saƙon gwaji in ga ko zai amsa, amsa ta dawo ƙasa da milisakan ɗaya. Yaya ya danna foldarsa ta buɗe. Fitilar LOS kuma tana nan ja yadda take.

Masu waifai suka rage, firinta da kamara biyu da fitilu da ƙararrawa da talabijin. Yaron har ya fara cewa sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an sa musu sabon faswod, wasunsu kuma ba sa saituwa sai da manhajar da ke buƙatar intanet. Nace bari, ba su za mu bi ba. Na'ura suna da faswod kawai ta haddace, ba ruwanta da wane akwati ne ke watsawa, in ka mai da tsohon suna harafi da harafi, babba a babba ƙarami a ƙarami, da tsohon faswod, da irin tsaron da yake kai da can wato WPA2, da kansu za su dawo. Tsohon faswod ɗin a wayar Anti muka samo shi cikin jerin waifai da ta taɓa shiga. Na tabbatar kuma zangon 2.4 GHz a kunne yake, don yawancin ƙananan kayan nan ba su san na 5 ba. Kafin minti biyar firinta ta yi ɗan ƙaranta fitilarta ta tsaya, kamarori biyu suka bayyana a sikirin.

Har na fara shirin tafiya sai Yaya yace zo ka gani. Yana kwafar fayil ya tafi rabi ya tsaya, can ya ci gaba, can ya sake tsayawa. Na sa ping ya yi ta tafiya, goma su dawo huɗu su ɓace. Irin wannan ta fi mutuwa gaba ɗaya ban haushi, don sai ka fara zargin kebul, ka fara zargin faifai. Na rubuta arp -a, wanda ke nuna kowane adireshi da lambar jikin na'urar da ke riƙe da shi, na rubuta ta gaban 192.168.0.10 a takarda, bayan minti ɗaya na sake, lambar ta canza. Na'ura biyu ke amsa adireshi ɗaya. Rawutan da ya koma sabo daga .2 yake fara rabo yana hawa, bai san akwai masu adireshin hannu a gidan ba, da layi ya zo kan .10 ya miƙa wa talabijin. Wannan sakacina ne, ya kamata tun lokacin da na canza jerin in duba inda rabo ke farawa. Na mai da rabon daga .100 zuwa .199, ƙasa da haka na bar wa masu adireshin dindindin, aka kashe talabijin aka kunna, kwafi ya tafi sumul.

Sai wayoyi, kuma a nan ne yawancin mutane ke yanke ƙauna tun ranar farko. Kowace waya in ta kama waifai sai ta gwada ko yana fita waje. Android tana taɓa wani shafin Google da ba ya mayar da komai sai lambar 204, iPhone tana taɓa captive.apple.com, Windows ma tana da nata shafin gwajin na Microsoft, shine in bai amsa ba ka ga alamar nan ta ƙwallon duniya a ƙasan sikirin. In gwajin ya faɗi sai wayar ta rubuta an haɗa amma babu intanet, ta lallaɓa ta mai da zirga-zirgarta kan datar layin waya, alamar waifai tana nan a sama amma saƙon da manhaja ta aika wa firinta ko kamara ta layin waya yake fita, can kuma ba wanda ya san wani 192.168.0.20. Wayar Anti kenan tun safiyar farko, firintar ba abin da ya same ta. Maganin ba wuya, in saƙon ya fito yana tambayar a ci gaba da zama a wannan waifai ka ce eh, in ya wuce ka ka kashe data na ɗan lokaci. Tana kashe data firinta ta fito a jeri. Yadda waya ke gano firinta ma ba ya buƙatar waje, mDNS ake ce masa, Apple na kiran nasu Bonjour, kira ne kawai na'ura ke yi a cikin gida ta adireshin 224.0.0.251 ta ce wa ke da firinta, mai ita ya amsa da kansa, sunayen da ke ƙarewa da .local duk ta nan suke.

Laftof ɗin Yaya matsalarta daban ce. Saboda yana fita da ita, an saita manhajar NAS ɗin da sunan waje, irin sunan da ke bin adireshin gidanka na intanet duk inda ya canza. Wato ko yana zaune taku uku daga akwatin, laftof sai ta fita ta tambayi sunan a waje, a ba ta adireshin ƙofar gidan, ta zagayo ta ƙwanƙwasa ta shigo. Shekara biyu haka take yi ba wanda ya sani tunda yana aiki. Na maƙala mata foldar da lamba kamar ta tebur, aka wuce wajen.

Talabijin ce ta ba ni haushi gaskiya. Fim ɗin yana cikin akwatin da ke ɗaki na gaba, faifan naka, wutar taka, amma manhajar sai ta je sabar kamfaninta ta tabbatar kai ne kafin ta bari ka kalla. Wasu irin waɗannan manhajoji suna da saitin da za ka ce a bar na cikin gida su shiga ba tambaya, amma shi kansa saitin sai da intanet ake shiga a kunna shi, kaga sai wanda ya yi tun kafin rana ta ɓaci. Ban tsaya ja da ita ba, na kunna DLNA a NAS, tsohuwar hanyar miƙa fim ce a cikin gida da yawancin talabijin masu netwok suka sani, akwatin ya fito a jerin inda ake zaɓar HDMI, ba hoton bango ba kwalliya sai foldoji tsirara, amma katun ya taso yara suka yi tsit. A tablet kuma manhajar kallon bidiyo ta VLC na sa musu, tana shiga foldar NAS kai tsaye.

Fitilu ba su ɗauke ni lokaci ba. Uku na Zigbee ne, wata hanyar sadarwa daban da waifai, da 'yar cibiyarsu a cikin gida, suna dawowa jerinsu suka ci gaba da aiki. Ukun na waifai kuwa in ka danna kunna a waya umarnin sai ya tafi sabar kamfani ya dawo, ba yadda za ka yi da su, makunnin bango muka koma. Ƙararrawar ƙofa tana ƙara a falo amma ba ta turo komai a waya. Tsarin Matter da ya fito a 2022 an gina shi ne don irin kayan nan su ji umarni a cikin gida, amma waɗannan sun girme shi.

Wani abin da ban yi tsammani ba sai da na kalli sikirin ɗin kamara da kyau, ɗaya daga cikin na waifai a kusurwar hotonta an rubuta shekarar 1970. A cikin kashe-kunna da aka yi ta yi an zare mata wuta, ba ta da batirin agogo, kullum in ta tashi a intanet take tambayar lokaci ta NTP, da ba ta samu ba ta koma inda irin waɗannan na'urori ke fara ƙirga, 1 ga Janairu 1970. Abin dariya ne har sai ranar da aka shigo maka gida ka ɗauko hoton da ke cewa 1970. Ita ma Pi 4 ba ta da agogo mai batir, yaron ya kashe ta ya kunna, ta tashi da lokacin da ta ajiye na ƙarshe tana baya da sa'o'i. NAS yana da batirin agogo kuma yana iya ba wasu lokaci, na kunna wannan, na nuna wa kamarori da Pi shi, kowa ya daidaita.

Rana ta uku Yaya ya kira ni kuma, yana son ya ɗauki fayil daga NAS ya tura ta imel, in ya hau hospot NAS ya ɓace, in ya dawo waifai na gida imel ya ɓace, sai kwafa yake a filash yana kai da kawowa. Hospot ai wani gida ne daban da nasa jerin adireshin, duk wanda ya koma can ya bar gidan. Na ce ya jona wayar da laftof ta kebul ɗin USB ya kunna raba intanet ta nan, waifai kuma ya bar shi a na gida. Saura abu ɗaya, laftof yanzu tana da ƙofar fita biyu, ɗaya a toshe, kuma tana iya zaɓar toshasshiyar. Sai na bi da shi ta waya ya rubuta wa ɓangaren waifai adireshi da hannu, 192.168.0.50, ƙasansa 255.255.255.0, wajen ƙofar fita da na DNS ya bar su ba komai. Ma'anar 255 ukun nan ita ce duk adireshin da ya fara da 192.168.0 maƙwabci ne a je masa kai tsaye, wanda ba shi ba a bi ƙofa, ƙofar da ta rage kuwa ta waya ce kaɗai. Haka ya yi aikinsa kwana biyu, NAS ta waifai imel ta USB.

Rana ta huɗu da yamma ja ta ɗauke, fitilar faiba ta koma kore, gida ya ɗauki murna, intanet shiru. Allurar nan ce ba ta gama da mu ba, risetin ya share suna da faswod ɗin PPPoE da akwatin ke shiga wajen kamfani da su, ba kuma wanda ya taɓa ganinsu tunda mai kafawa ne ya sa ya tafi. Sai da aka sake bin layin kiran kamfani aka karanto mana. Kowa ya samu, ban da laftof ɗin Yaya, ya zare USB ya ga ba ta fita ko'ina. Na yi kusan minti ashirin ina lalube ta waya ina sa shi kashe wannan kunna wancan kafin na tuna ni na sa shi ya bar ƙofar fita ba komai. Ya mai da saitin kan karɓa da kanta, ta tafi. Bai ce min komai ba amma na ji yaron yana dariya a bayansa.

Satin da ya biyo muka sake tsarin. Yaya ya sayi rawuta nasa na kansa, akwatin kamfani aka mai da shi gada kawai, hasken faiba ya shiga ya miƙa wa namu, rabon adireshi da waifai duk suka dawo hannunmu, ko gobe kamfani ya canza akwatinsa ko a canza kamfanin ma ba abin da zai motsa a cikin gida. NAS da firinta da kamarori da Pi kowa aka ɗaure masa adireshinsa a rawutan, na fitar da fayil ɗin saitin na ajiye kwafi a filash, ba a NAS kaɗai ba, don ranar da kake nemansa wataƙila NAS ɗin ne ba ka iya kaiwa. Aka rubuta jerin adireshi da sunan waifai da bayanan PPPoE a takarda aka sa a durowa. A Pi-hole na sa sunan wajen nan na NAS ya riƙa nuna 192.168.0.10 ga duk wanda ya tambaya daga cikin gida, laftof ta daina zagaye, in ya fita da ita kuma sunan ya yi aikinsa na da. Manhajar talabijin muka shiga muka kunna mata saitin barin na gida su wuce. Rawuta da suwic da NAS aka ɗora su a UPS ɗaya, batirin nan da ke riƙe wuta in an ɗauke, don in wuta ta ɗauke ta dawo kar NAS ya riga mai rabon adireshi tashi ko a yanke masa rubutu a tsakiya.

Da muka gama nace to a gwada. Ba wayar faiba na taɓa ba, wannan siririya ce ba ta son lanƙwasa, kebul ɗin da ke tsakanin akwatin kamfani da ramin WAN na sabon rawuta, wato ramin da intanet ke shigowa, na zare, na ce kowa ya je ya yi abin da ya saba na awa ɗaya. Na kashe kamarar nan na kunna, ta tashi da kwanan wata daidai. Laftof ta buɗe folda da sunanta, talabijin ta wuce shafin shiga, Anti ta buga takarda bayan ta amsa wa wayarta eh. Wayar yaron ce ta ƙi gane sunan NAS, muka duba ashe ya sa mata wani DNS na sirri a saitin Android wanda sai a waje ake samunsa, ya mai da shi kan atomatik ta gane. Fitilu ukun nan da ƙararrawa dai suna nan yadda suke, Yaya yace in sun ƙone a sayo na Zigbee, kafin nan makunnin bango bai gaji ba. Na mai da kebul, ina tattara kayana na ga ya yanko salatif baƙi yana liƙe ramin riset na akwatin kamfani, ya juya sabon rawutan shi ma ya liƙe nasa.